Umrar Umma da Inshorar Ma'aikata

Akwai wani bawan Allah mai suna Labaran, ɗan Rano, da ke aiki a wani kamfanin kago, wato jigilar kaya, a Al Quoz, nan Dubai. Mai kamfanin, Alhaji Rilwanu, ya damƙa masa duk harkar ma'aikata: biza, albashi da inshorar lafiya. Mutum ne mai tsafta da fara'a. Bai kai ni iya kafa hula ba, amma yana ƙoƙari.

Duk shekara ana sabunta inshorar ma'aikata, kuma Labaran ne ke zaɓar wanda za a ba. A nan wani Balarabe dillalin inshora mai suna Fahad ya shigo. Bai taɓa ce masa ga kuɗi ba. Shayi kawai suka sha, hira ta yi daɗi, har Labaran ya ambaci cewa mahaifiyarsa ba ta taɓa ganin Ka'aba ba.

"Habibi, mahaifiyarka ai tawa ce," in ji Fahad. "Khalas, shi ke nan, Umrarta a wuyana."

Labaran ya gaya wa ransa cewa wannan alheri ne. Wa ya taɓa ganin an ba da cin hanci da ibada? Ya sa hannu a inshorar Fahad. Abin da kamfani zai biya bai canja ba, sai dai manyan asibitoci sun fice daga tsarin, an bar ƙananan wuraren ba da magani. Ya gani, ya kau da kai.

Da ya kira mahaifiyarsa, Umma Halima Sa'adiya, sai ya ce mata kamfani ne ya biya mata saboda riƙon amanarsa. Ta yi kukan murna, ta sa masa albarka. Duk duniya ba abin da Labaran ke so kamar Umma ta riƙa alfahari da shi.

Tana can Madina ciwon ƙoda ya kwantar da Mubashir, direban injin ɗaga kaya a sito. Aka kai shi asibitin da ya saba zuwa, suka ce katinsa ba ya aiki a wurinsu. Inda katin ke aiki kuma ba sa tiyata. Ya koma ɗakin ma'aikata yana juyi, abokansa na yi masa karo-karo. Da suka je wa Labaran, ya ce musu sabon tsari ne daga sama.

A hanyar komawa gida Umma ta tsaya Dubai ganin jikoki. Tana sauka ta ce a kai ta wurin Alhaji. A gidansu, in ji ta, ba a cin alherin mutum a aika masa godiya ta waya, sai an taka da ƙafa.

Labaran ya fara kame-kame. Yau Alhaji yana Jebel Ali, gobe yana taro. Umma ba ta yi musu ba. Ya fita aiki, ta ɗaure dabino da zamzam, ta sa matarsa Ramlat ta kira tasi.

Alhaji Rilwanu ya miƙe ya tarbe ta, ya zaunar da ita. Ta yi ta zuba addu'a yana cewa amin, har ta zo kan Umra.

"Wace Umra ke nan, Baba?"

"Haba Alhaji, haka masu alheri kuke da ɓoyo. Ai har Balaraben da ka wakilta, Fahad, ya kira ni a Madina ko ina buƙatar wani abu."

Alhaji ya san sunan. Ya kuma san maganar Mubashir. Ya sa a kira Labaran. Alhajin ya roƙi Umma ta jira a waje, ta ce nan za ta zauna.

Ba a yi hayaniya ba. Alhaji ya yi tambaya, Labaran ya amsa kansa a sunkuye. Umma ta saurara har ƙarshe, sannan ta dube shi.

"Labaran, da lafiyar wa na yi ɗawafi?"



Alhaji ya so a kashe maganar a gida, amma yana da abokin tarayya a kamfanin, kuma lauyansu ya ce a idon doka tikitin jirgi da kuɗi a ambulan duk ɗaya ne, in dai don a sa hannu aka bayar. Magana ta kai ga 'yan sanda. Aka riƙe fasfon Labaran, aiki ya tafi. Kamfani ya ɗauki nauyin tiyatar Mubashir.

Kafin ta wuce gida, Umma ta sa Ramlat ta kai ta asibitin. Ta tsaya a bakin gado, tsohuwa da ita, ta roƙi Mubashir gafara. Ya ce ita ba ta yi masa komai ba, amma ya yafe. Ta tambaye shi ɗanta fa? Ya juya fuska bango.

Ranar tafiya Labaran ya durƙusa a gabanta yana jiran albarkar da ba ta taɓa hana shi ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Allah Ya shirye ka," ta ce, ta ɗauki jakarta.

Darasi: Kyautar da ta zo maka saboda kujerar da kake kai, kafin ka sa mata suna alheri, tambayi wa zai biya ta da jikinsa. Haƙƙin ma'aikaci ba ya zama halal don an kai shi Makka. Ku tura wa duk wanda aka ba amanar mutane. Na san halinku, ku karanta ku wuce ko sannu babu, to wannan dai ku tura shi.