Hanyar da Delbert Ya Toshe

Akwai wani mutum a garinmu mai suna Delbert. Har yau in na tuna abin da ya aikata sai in ji raina yana tafasa. Bari in ba ku labarin, ku ma ku yanke hukunci.

Delbert ɗan gari ne, a nan aka yanke masa cibiya. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai ƙanwar mahaifin, Goggo Arlene, ta ɗauke shi ta riƙe tare da 'yarta Rhonda. Mijinta, Baba Leland, shi ya koya masa tuƙin kwale-kwale.

Da ya girma ya tafi birni, ya shiga harkar gine-gine, ya samu. Ya dawo da ƙatuwar mota da 'yarsa budurwa mai suna Tasha. Ya sayi filin da ke tsakanin Babban Tafki da Tafkin Agwagi, ya gina ɗakunan katako na saukar baƙi masu zuwa hutu.

To, ta cikin wannan filin hanyarmu ta ratsa. 'Yar siririyar hanyar ƙafa ce, kakanninmu suka taka ta har ta yi zurfi. Duk farkon kaka, in ganye ya fara ja kuma shinkafar tafki ta nuna, kowa zai tuƙo daga gari zuwa bakin filin, ya kifa kwale-kwalensa a kai, ya ratsa zuwa Tafkin Agwagi ya kafa tanti. A can ake zama har a gama girbi. Wanda bai bi ta nan ba, sai dai ya zagaya ta bakin kogi ya ƙetare tsakiyar Babban Tafki, inda iskar arewa ba ta wasa da kowa.

A shekarar da nake ba ku labari, mutane suka iso da safe da tantuna da tukwane, sai suka tarar da shingen waya da ƙofa, an datse ta da kwaɗo.

Goggo Arlene ta ajiye kayanta, ta ƙwala masa kira. Ya fito daga ɗaki da kofin shayi a hannu, ko sauri ba ya yi.

"Delbert, mene ne wannan?"

"Ƙofa ce, Goggo. Ba ki taɓa ganin ƙofa ba?"

"Na ga ƙofa. Ina tambayarka me take yi a kan hanyarmu."

"Hanyarku? Fili nawa ne. Baƙina shiru suke zuwa nema, ba hayaniyar tukwane da karnuka ba. Ku zagaya ta kogi mana, ai ruwa bai ƙare ba."

Baba Leland mutum ne mai sanyin magana. Ya matso ya ce, "Ɗana, ka dube ni da kyau. Da waɗannan hannuwan zan ƙetare tsakiyar tafki da lodi?"

"In ƙarfi ya ƙare, Baba, sai a zauna a gida. Akwai shinkafa a kanti."

Rhonda ta yi kansa, sai da mata biyu suka riƙe ta. "Yaya Delbert, da shinkafar tafkin nan aka yi maka kunu kana zubar da majina a gidanmu! Yau ita kake kira hayaniya?"

Ya kurɓi shayinsa, ya juya ya shige.

Ranar dai ba a zagaya ba. Maza suka riƙa miƙa kwale-kwale ta saman shingen, aka tallafa wa tsofaffi suka tsallaka. Aka isa, aka kafa tantuna, aka zuba taba a ruwa don neman albarka kamar yadda aka saba a al'adarmu, aka fara aiki.

Abin ya ƙona wa Delbert rai. Da ya tabbatar kowa ya wuce, sai ya ɗauko zarton inji ya shiga hanyar. Manyan bishiyoyin da ke gefenta ya bi yana sarewa, yana kayar da su a gicciye, wata kan wata, tun daga bakin ɗakunansa har kusa da Tafkin Agwagi. Muna cikin shinkafa muna jin kukan injin, muna zaton itacen hunturu yake tarawa. Tasha ta roƙe shi ya bari, ya daka mata tsawa ta koma ɗaki.

Da shinkafar farko ta bushe, Baba Leland da Goggo Arlene suka cika buhuna za su kai gida. Suna zuwa bakin hanya suka tarar babu hanya. Mutum ɗaya ba kaya zai iya hawa yana sauka, amma da kwale-kwale da buhuna, ko kusa.

Aka ce su jira, a taru a san abin yi. Baba Leland ya dubi sama ya ce garin lafiya lau, za su zagaya. Ba ya son ya zame wa kowa nauyi.

Sun kai tsakiyar Babban Tafki iskar ta taso. Igiyar ruwa ta bugi kwale-kwalen ta gefe, ya kife. Buhunan suka nutse nan take. Goggo Arlene ta kama gindin kwale-kwalen da hannu ɗaya, ɗayan ta cafki wuyan rigar mijinta. Ruwan kaka ne, sanyinsa har cikin ƙashi. Wasu masu kamun kifi suka hango su suka zo da jirgin inji. Lokacin da aka fito da Baba Leland leɓunansa sun canza launi, ba ya iya magana.

Aka kwantar da shi a asibiti, sanyi ya kama masa huhu.

Da labari ya iso sansani, wuri ya hargitse. Wasu suka ce a je a cinna wa ɗakunan wuta. Wasu suka ce a fasa masa mota. Rhonda ta tsallake bishiyoyin ita kaɗai, ta same shi a baranda yana gasa nama da baƙinsa.

"Ka ji abin da ka yi?"

"Na ji sun kife. Allah ya sawwaƙe. Amma ni ban tura kowa cikin ruwa ba."

"Ba ka tura ba? Kai Delbert, ba ka tura ba?" Tun daga ranar ba ta sake ce masa Yaya ba. "In ubana ya mutu, na rantse sai ka gwammace ba ka dawo garin nan ba."

"Ki rage murya, akwai mutane."

"Su ji! Ku ci nama, baƙi, ku ƙoshi. Mai masaukinku ya jefa wanda ya goye shi a ruwa!"

Baƙin suka ajiye faranti. Shi kuwa ya ce ta fita masa daga fili.

Goggo Arlene ta yi jinyar mijinta har ya fara shan ruwa da kansa. Shi ya ce mata ta koma, kada shinkafa ta zube su shiga hunturu hannu biyu. Masu kamun kifin nan suka kawo ta sansani ta kogi. Da ta ji maganar wuta sai ta ce, "Duk wanda ya taɓa masa ko katako ɗaya, ba da yawuna ba. Ba don yana da gaskiya ba. Ba na son a kulle min kowa saboda wannan mara kunyar."

Washegari da hantsi sai ga Tasha ta fito daga cikin bishiyoyin, wandonta duk ya yage. Ta tsaya nesa da wuta, kanta a ƙasa.

Rhonda ta miƙe. "Me ya kawo ki? Ubanki ne ya aiko ki ki ga ko mun mutu?"

"Bai san na zo ba, Goggo Rhonda. Na zo in taya ku aiki ne, ko da wankin tukunya."

"Ba ma so. Koma."

Goggo Arlene ta ce, "Rhonda, zauna. Yarinyar nan ba ita ta riƙe zarto ba. Tasha, kin ci abinci?"

Haka Tasha ta zauna. Ba ta iya komai ba, amma ba ta da ƙiwa. Ta ɗebo ruwa, ta juya ɗanyar shinkafa a tukunyar da ake busar da ita a kan wuta har hayaƙi ya sa ta hawaye. Rhonda ba ta kula ta, sai dai in ta wuce ta ja tsaki.

Wata rana da rana tsaka itace ya ƙare a gindin tukunya. Tasha ta ɗauki gatari ta nufi wani kututture. Saran farko ya shiga. Na biyu ya zame, ya sauka a ƙwaurinta.

Ihunta ya tara kowa. Jini yana tsartuwa, ba zuba ba. Goggo Arlene ta cire ɗamararta ta ɗaure cinyar, ta murɗa da sanda, ta danne ciwon da tawul. Waya ba ta kamawa a Tafkin Agwagi. Iska kuma tun safe take kaɗawa, ba wanda zai shiga Babban Tafki ya kai. Titin mota yana bakin ɗakunan Delbert, kuma tsakaninmu da shi akwai bishiyoyin da ya kayar.

Aka haɗa sandunan tuƙi biyu da bargo, aka ɗora ta. Maza huɗu suka ɗauka. A bishiya ta farko suka ɗaga ta sama suka miƙa. A ta biyu rassa suka riƙe bargon, ta yi ƙara, ɗaurin ya sassauta, jini ya dawo.

Wani ya ce, "A haka ba za mu kai da ita ba."

Rhonda ta dubi yarinyar, fuskarta ta yi fari, idanunta suna lumshewa. Ta yi wata irin ashar da ban taɓa jin ta yi ba, ta tuɓe rigar sanyinta ta jefar, ta faɗa cikin rassan da gudu.

Ta isa hannuwanta duk sun kakkarce. Ta riƙa dukan ƙofar Delbert da ƙafa har ya buɗe.

"Na ce kada ki sake taka min..."

"Rufe min baki! Kira motar asibiti, ka ɗauko zartonka. 'Yarka tana bayan shirgin da ka tara, jininta yana ƙarewa!"

Ya tsaya kamar an dasa shi.

"Delbert, ka motsa ko in mare ka!"

Ya kira asibiti, ya ɗauki injin ya shiga hanya. Yana yanka, Rhonda tana janye gungumen. Bishiyoyin da ya zaɓa da kansa don kaurinsu, su ne suka ƙi yankuwa da wuri. Yana yanka yana kiran sunan Tasha, gumi da hawaye sun haɗe masa a fuska. Daga ɗaya gefen mutanenmu suna sara da gatura.

"Rhonda, tana numfashi? Don Allah ki gaya min."

"Ban sani ba. Yanka!"

Da aka haɗu a tsakiya, ya jefar da injin ya nufi bargon. Goggo Arlene, wadda hannunta ke kan ciwon tun daga sansani, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Kauce, kana tare hanya."

Tasha ta rayu. Likitoci suka ƙara mata jini, suka yi aiki a ƙafar. Amma ɗaurin ya daɗe, jijiya ta lalace. Har yau tana jan ƙafar in tana tafiya.

Asibiti ɗaya aka kwantar da ita da Baba Leland. Delbert ya daɗe yana kai da komo a bakin ɗakin tsohon kafin ya iya shiga. Ya durƙusa a gefen gado, Goggo Arlene da Rhonda suna zaune.

"Baba, Goggo, na yi laifi. Ku yafe min."

Baba Leland ya janye robar numfashi daga hancinsa. Da ƙyar muryarsa ke fita. "Yaya yarinyar?"

"Da sauƙi, Baba."

"To, madalla." Ya mayar da robar, ya rufe ido.

Delbert ya juya wurin Rhonda zai yi godiya. Ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka soma. Da kai ne a kan bargon nan, da sai na tsaya na yi tunani. Likita ya ce ubana ba zai ƙara shiga ruwa ba har abada. Ka san abin da wannan ke nufi a wurinsa."

Goggo Arlene ta ce, "Tashi, gwiwarka ba ta gyara komai. Tasha tawa ce, duk ranar da ta so ta zo gidana. Kai kuwa ka je ka kwashe abin da ka zubar. In ka gama, ka bar ni in huce. Ban san yaushe ba, kuma kada ka tambaye ni."

Ya cire shingen, ya kwashe gungumen shi kaɗai, babu wanda ya ɗaga masa ko reshe. Kafin ya gama ƙanƙara ta fara sauka. Baba Leland bai ga wata kakar ba, a ƙarshen hunturun ya rasu. Ranar jana'iza Tasha tana gaba, Rhonda tana riƙe da hannunta. Delbert ya tsaya can baya wajen motoci. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya matsa masa wuri.

Darasi: Duk abin da ka samu, kada ka toshe wa mutane hanyar da suke rayuwa da ita, balle waɗanda suka raine ka. Cutar da ka shirya wa wasu ba ta tambayar sunan wanda za ta faɗa wa, tana iya sauka a kan wanda ka fi so. Kuma ba kowace ɓarna ce "ku yafe min" ke gyarawa ba. Ka tura wannan labarin ga duk wanda ka san samu ya fara sa shi manta mutanensa, ko Allah zai sa ya dawo hankalinsa tun da sauran lokaci.