Ƙullin Mayafin Donya Chayo

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba. Ni ce ƙarama a cikin masu kula da shafin nan, kuma a gida ba wanda ya san ina rubutu. Yanzu haka a bayan injin wanki nake tsugune da wayar yayata. In kun ga kuskure ku rufa min asiri.

Akwai wani saurayi a unguwarmu ta La Villita, nan Chicago, sunansa Efrain Zuniga. Mahaifiyarsa, Donya Chayo, ita ce mai sayar da tamales a bakin titi, ƙullin masarar nan da ake turarawa a cikin ɓawonsa. Da tukunyar tamales ɗin nan ta raine shi ita kaɗai, har ya gama makarantar koyon zane.

Da ya samu aiki a wani kamfanin littattafan zane, irin na jarumai masu tashi sama, sai ya canza suna ya koma Frank. Ya bar unguwa. Duk jarumin da ya zana fari ne tas, mai shuɗin ido.

Wata rana aka yi babban taron masu zane a tsakiyar gari. Donya Chayo ta hau bas biyu da kwanon tamales a cinya, don ta ga ɗanta a kan teburinsa. Wani abokin aikinsa ya tambaya, "Frank, wace ce wannan?"

Ya ce, "Wata mai abinci ce ta unguwarmu."

A kunnenta. Ta ajiye kwanon, ta ce a ci lafiya, ta juya. Shekara biyu bai taka gida ba, ita ma ba ta kira ba.

To littattafansa suka daina tafiya. Kamfanin ya kawo sabuwar shugaba, Madam Odalis, mace ce ba wasa. Ta ce masa jaruma take so 'yar mutanenmu, wadda yaran unguwanninmu za su kalla su ce tamu ce.

Ya kawo ta farko da ƙatuwar malafa. Ta mayar masa. Ya kawo ta biyu, ya cika mata riga da ƙoƙon kan matattu. Ta kalle shi ta ce, "Wannan a shagon 'yan yawon buɗe ido ka gan ta. Ranar Juma'a da ƙarfe goma ka kawo min ta gaske. In ba haka ba ka kwashe kayanka, akwai masu jiran kujerar."

Shekara tara ya yi yana neman kujerar nan. Ba abin da ya iya a duniya sai zane.

Litinin ya yaga takarda, Talata ya yaga, Laraba ko abinci bai iya haɗiya ba. Sai ya tuna da rebozo, dogon mayafin saƙin nan da iyayenmu ke yafawa. Ya zana jarumar da baƙin rebozo ɗaure a wuya, yana kaɗawa a bayanta kamar alkyabba. Ya yi ta kallonta. Ya san akwai abin da ba daidai ba, amma bai san ko mene ne ba. Kuma mutum ɗaya ce zai iya tambaya.

Ranar Alhamis da la'asar ya tsaya a ƙofar ɗakin girkin mahaifiyarsa. Tana zaune tana shafa ƙullu a ɓawon masara. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na gobe ne, malam. Yau sun ƙare."

"Mama, ni ne."

"Wane ni? Frank ko ɗayan?"

Ya durƙusa a gefen kujerarta. "Mama, gobe za su kore ni. Na rasa yadda zan yi. Ki zage ni, ki mare ni, amma don Allah ki duba min wannan."

Ta goge hannu a zanin girki, ta karɓi takardar, ta nisanta ta da idonta. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya mutu mata?"

"Babu kowa."

"To me ya kai ta ga baƙi? Wannan na makoki ne. Kuma wane baƙin ciki ne ya sa ta ɗaure shi a maƙogwaro? Rataye kanta za ta yi? Ta gifta ta jikin ƙusa ɗaya, shi ke nan an gama da jarumar taka."

"A haka jarumai suke sa alkyabba, Mama."

"Su da ba su da abin ɗauka."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wani tsohon rebozo shuɗi mai ratsin fari, bakinsa duk ya zare. Ta ce, "Tashi. Sunkuya, sarkin zane."

Ta ɗora masa buhun garin masara a baya. Ta zagayo da mayafin ta ƙarƙashin buhun, gefe ɗaya ta saman kafaɗa, ɗaya ta ƙarƙashin hammata, ta ƙulle a ƙirjinsa, ta ja har ya yi nishi.

"Miƙe. Ɗaga hannuwanka. Ka ga duka biyun a sake suke? In ya yi sako-sako, a gabanka ƙullin yake, ka ja kana tafiya, ba sai ka tsaya ba. Zagaya ɗakin nan."

Ya zagaya sau biyar, kafaɗarsa ta fara zafi.

"Har ka gaji? Kai ka fi buhun nan nauyi. Watanka takwas, ga ƙiba kamar ɗan maraƙi. Kwana uku na yi da kai a cikin wannan mayafin, a hamada, muna tsallako iyaka zuwa ƙasar nan. Hannu ɗaya jarkar ruwa, ɗaya ina ture ƙaya. Na faɗi sau biyu. Takalmina ya tsinke, mutanen da muke tare suka yi gaba. Ƙullin nan bai kwance ba."

Ta koma ta zauna, ta ɗauki ɓawo. "Ni dai mai abinci ce. Abin da na sani ke nan."

Efrain ya tsaya da buhu a baya yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Mama, ki yafe min."

"Kar ka jiƙa min gari. Ture ɓawon can ka zauna, rana na tafiya."

A kan teburin girkin ya zana ta, bai yarda an kwance buhun ba. Gajeriyar mace, fata kalar ƙasa, gashi tufke biyu. Mayafinta yana miƙewa ya goye duk wanda ya kasa tafiya, ko mutum ɗari ne, ta fito da su daga gobara hannuwanta a sake. Donya Chayo na leƙowa tana gyara masa. "Kaurara damtsen. Mai wannan siririn hannu ba ta taɓa sauke tukunya ba."

Juma'a da ƙarfe goma ya ajiye takardun a gaban Madam Odalis, gefensu duk maiƙo. Ta buɗe shafi na farko, ta buɗe na biyu. A na uku ta tsaya. Ta kai hannu ƙirjinta, daidai inda ƙullin yake zama.

"Haka kakata take ɗaurawa. Wa ya koya maka?"

"Mahaifiyata."

"Wane suna za a sa a bangon littafin, Frank?"

"Efrain Zuniga. Da cikakken sunan mahaifiyata, Rosario Zuniga, nata a sama."

Bana da aka sake taron, layi har waje, yawanci 'yan mata irina, wasu da mayafin kakanninsu a kafaɗa. Ni ma ina ciki. Donya Chayo na zaune a gefensa da kwanonta. Abokin aikin nan nasa ya matso ya ce, "Kamar na san matar nan."

Ta yi caraf ta ce, "Mai abinci ce ta unguwarsu."

Efrain ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. "Uwata ce. Ita ce ta cikin littafin."

Ta ja masa riga. "Zauna, kana tare min masu saye."

Darasi: Kar ka ji kunyar bayan da ya goya ka. Wanda ya raina asalinsa, ranar da ya buƙace shi sai ya dawo a durƙushe, kuma ba kowa ke tarar da ƙofa a buɗe ba. Ku tura wa duk wanda ya daɗe bai kira gida ba. Ga Mama can tana ƙwala min kira, amma in da wanda yake jin nauyin sunansa a cikinku, don Allah ya… wayyo, ga ta nan!