Wanda Ya Ƙi Wanke Ƙafar Elkana

An yi wani mutum a Digil, ba zan kama sunansa ba, don jikokinsa suna nan da rai. Manomi ne na ji da gani, kuma dattijo a ikilisiya. Shi ya sare itacen farko da aka kafa ɗakin sujada da shi. In ya ɗaga waƙa ranar Lahadi, har mai wucewa kasuwar Mubi sai ya rage tafiya. Yana da aboki, Elkana, wanda rana ɗaya aka yi musu baftisma a mayo, wato kogi.

Sai shekarar ƙuri'a ta zo, aka tambayi mutanen ƙasar nan ko Najeriya za su bi ko Kamaru. Mutumin nan ya jefa tasa a akwati ɗaya, Elkana ya jefa a ɗayan. Wannan ba zunubi ba ne. Da sakamako ya fito, ɓangaren Elkana ne ya ci. Ranar kasuwa, a gaban masu sayar da gyaɗa, Elkana ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Aboki, akwatin ka ya kwana da yunwa fa!" Kowa ya kwashe da dariya, ban da shi.

Ya 'yan uwa, wasa ne, wasan da bai kai a kwana da shi ba. Amma mutumin nan ya ɗauke shi ya kai gida, ya yi ta kiwonsa kamar ɗan akuya.

Kun san al'adarmu. Kafin jibin ƙauna, taron da muke cin abinci tare muna wanke wa juna ƙafa, dattawa sukan bi gida gida suna tambaya ko akwai wanda ba ya zaman lafiya da ɗan'uwansa. Dattijo Matiyu ya zo, aka shimfiɗa masa tabarma, ya yi tambayar. Mutumin nan ya dube shi ido da ido ya ce, "Lafiya lau, Baba. Ba ni da magana da kowa." Matarsa Margret tana bakin murhu, ta ji, ta sunkuyar da kai. Allah ya aiko masa da mafita har cikin gida, shi kuwa ya sallame ta da ƙarya.

Ranar jibi ta zo. Maza suka jeru a bencinsu, mata a nasu, don kowa ya durƙusa ya wanke ƙafar na kusa da shi, yadda Ubangiji ya yi wa mabiyansa. Mutumin nan ya yi sammako ya zauna can ƙarshen benci, wai shi mai dabara. Elkana kuwa ya makara, saniyarsa ce ta kwance. Da ya shigo, wuri ɗaya tak ya rage a ɗakin, kusa da abokinsa. Wa ya shirya wannan, in ba Mai shirya komai ba?

Tasar ruwa ta zagayo ta iso gabansa. Elkana ya cire takalmi, ya miƙo ƙafa, ya ce a hankali, "Aboki, in na ɓata maka, ka yafe ni." Durƙusawa kawai ta rage. Mutumin nan ya sa ƙafa ya ture tasar, ruwa ya malale a ƙasa, ya fice. Waƙa ta mutu a bakin jama'a.

Daga ranar bai sake taka ɗakin sujada ba. Ya hana Margret zuwa, ya hana 'ya'yansa. Da damina ta sauka, 'yan'uwa suka zo masa gayya kamar yadda suke yi wa kowa, da fartanyoyinsu a kafaɗa. Ya hango Elkana a cikinsu, sai ya tare bakin gona. "Fartanyan shi ba zai taɓa ƙasa na ba. Ku koma!" Suka koma. To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ciyawa ta cinye dawa a shekarar nan, ta ƙara cinyewa a ta gaba.

Fushin da ya rasa inda zai sauka, sai ya sauka a gida. Manyan 'ya'yansa biyu suka gaji da tsawa, suka shiga duniya. Margret ta yi haƙuri shekara huɗu. Ranar da ya ɗaga mata hannu don ya ji tana addu'a tana ambaton iyalin Elkana, ta kwashi ƙananan yara ta koma wurin danginta a Michika. Gida ya zama kango da mutum ɗaya a ciki.

Sau uku Elkana yana zuwa ƙofarsa yana sallama, sau uku yana komawa ba amsa. A shekara ta bakwai Matiyu ya zo ya ce, "Abokin ka yana kwance, yana kiran sunan ka." Mutumin nan ya ce zai je bayan girbi. Abin haushi, girbin me? Ba shi da ko dami ɗaya a gona. Da ya ga dama ya tashi, a hanya ya gamu da masu dawowa daga kabarin Elkana.

Ya bar Digil don kunya, ya koma Sabon Layi a cikin Mubi yana dako a kasuwa, da furfurarsa. In 'yan'uwa sun kawo amfanin gona suka gan shi, sukan ce, "Baba, dawo gida, wurin ka yana nan." Sai ya juya musu ƙeya. Haka ya ƙare a rumfar wani, ba mai ba shi ruwa. Su ɗin dai da ya kora daga gonarsa, su suka zo suka ɗauke shi, 'ya'yan Elkana ne ma suka haƙa kabarin. Amma gawa ba ta neman gafara.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai yi kisa ba. Girman kai ne, rawanin tsiya. Allah ba ya gajiya da nuna hanya, ya nuna masa ta bakin dattijo, ta bakin matarsa, ta bakin wanda yake fushi da shi. Ikilisiyar Digil kuwa tana nan, tana waƙa, don masu durƙusa wa juna ba sa faɗuwa.

Kai da ke zaune yau, wa kake kauce wa a benci? Ka tashi ka same shi tun yana iya amsa maka.

Allah ya kiyaye mu daga taurin zuciya, ya ba mu gwiwar durƙusa wa juna, ya zaunar da mu cikin salamarsa. Amin.