Harsashi na Shida

An yi wani Hakimi da ya sa aka yi shela cewa duk bindigar da ta ci harsashi fiye da biyar, mai ita da maƙerin da ya gyara ta sai gidan yari. Dokar ta kwana biyu lafiya, sannan ya kira Nomau maƙeri a keɓe.

"Ka faɗaɗa gidan harsashin bindigata ya ci goma, amma kada a taka doka. In ka kasa, ka bar garin nan."

Ranar Juma'a, fada cike, Alƙali na zaune a gefe, Nomau ya kawo bindigar. Mai kawai ya shafa mata.

"Ranka ya daɗe, a gwada a gaban jama'a."

Hakimi ya zura biyar, ya tsaya, ya raɗa masa, "Kai, sauran biyar ɗin fa?"

Nomau ya ɗaga murya. "Allah ya ja zamaninka, ga na shida. A zura, Malam Alƙali na ƙirgawa."

Hakimi ya dubi harsashin, ya dubi Alƙali, ya yi gyaran murya.

"Ba sai an gwada ba. Aiki ya yi kyau."