Ya Gyara Littafi, Bai Yi Shela Ba

"Ka fita kasuwa ka yi shela!"

"Ba zan yi ba, Malam."

"Da sunana ka sayar da ƙarya. Ka yi, ko ni in yi."

"Bismilla, yi mana. Wa ya rubuta a ƙarshen littafin cewa ya duba? Ni ko kai?"

Malam Gwadabe ya ɗauki takalmansa ya fita.

Ya 'yan uwa, a wani zaure a Kiru aka yi wannan faɗa. Ga asalinsa.

An yi wani mutum. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna nan. Yana da ɗan karatu, yana da baki. Shekarar da ciwon huhu ya shiga shanu, ya rubuta ɗan littafi da ajami.

Kun san yadda Fulani ke yi tun kaka da kakanni. In saniya ta mutu da ciwon, a yanko ɗan huhunta, a tsaga fatar hancin masu lafiya a cusa. Wurin ya kumbura, ya warke, ta tsira. Sai dai tabon yakan ɓata fuska. Mutumin nan ya rubuta cewa ya gano hanyar da ta fi: a yi tsagar a bayan kafaɗa, inda tabo ba ya nunawa. Ya ce ya gwada a garke guda, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Ya rantse da Allah a rubuce.

Gwadawa kam ya gwada, a kan bijiman ƙanensa. Suka kumbura suka mutu. Ya ce maciji ne. Wannan bai shiga littafi ba.

Ba a sayen irin wannan littafi sai an ga sunan babban malami a ƙarshensa. Don haka ya kai wa Malam Gwadabe. Malam ya ga rubutu mai kyau, ya ga rantsuwa. Bai tambayi inda garken yake ba. Ya rubuta: na duba, ya inganta. Aka buga a Kano, aka baza a Bebeji, da Ƙafin Maiyaki, da Burumburum.

Daga baya ƙanen ya je ya faɗa wa Malam gaskiya. Malam ya je ya sami mutumin, shi ne faɗan da kuka ji. Malam ya ji tsoron sunansa, ya haɗiye maganar.

Shi kuwa mutumin, me ya yi? Ya shiga mota ya koma Kano. Ya sa aka sake bugawa, bango iri ɗaya, aka cire kafaɗa aka mayar da hanci. Bai gaya wa kowa ba. Na farkon kuwa suna can cikin rugage.

A ƙasar Doguwa akwai wani makiyayi, Buba. Bai iya karatu ba, sai ya kai littafin wurin Malam Inuwa, limamin ƙauyensu, ya karanta masa. Buba ya koma ya tsage garkensa kaf a kafaɗa. Kumburi ya bi wuya, ya bi ƙirji. Fata ta tsattsage, ruwa na zuba. Ya riƙa bi da wuƙa yana yankawa har hannunsa ya gaji. Naman ma ba mai so. Ungulu suka ci.

Buba ya tako da ƙafa har Kiru, ya sami mai littafin.

"Ka kashe ni," in ji shi.

Mutumin ya jawo sabon bugu daga jaka, ya kira wani mai wucewa. "Ɗan uwa, karanta masa. Ina na ce kafaɗa? Hanci na ce. Malam Buba, je ka tambayi wanda ya karanta maka."

Buba ya koma Doguwa. Ya sami Malam Inuwa yana alwala. Bai yi sallama ba. Sanda ta farko a ka, ta biyu a wuya. Jini ya gauraya da ruwan buta. Kafin a riƙe shi, liman ya daina motsi.

Bayan jana'iza, 'yan uwan mamaci suka ɗauko littafin da ya karanta, suka sayo sabo, suka jera. Kowa ya gani.

Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki suka sami mai littafin, ya shimfiɗa tabarma yana talla. Ba su kaɗai ba ne, da wasu makiyayan da nasu shanun suka ƙare. Ya tashi zai gudu, aka sa masa ƙafa. Sanduna suka sauka. Haƙoransa suka zube a ƙasa. Yana ihu, "Na gyara! Wallahi na gyara!" Wani ya sare shi da adda a kafaɗa har ƙashi ya bayyana. Kafin 'yan doka su ratsa taron, ya cika. Aka tafi da wasu a ɗaure, Buba ma aka kama shi.

Ya 'yan uwa, kowa yana kuskure. Ƙaryar farko ma tana da tuba. Amma abin da ka yaɗa a fili, a fili ake janye shi. Gyaran ɓoye ba gyara ba ne, sabuwar ƙarya ce, kuma a wuyan wani take faɗawa. Kai mai rubutu, ka faɗi abin da ka gani, har da wanda ya mutu. Kai mai dubawa, sunanka shaida ce, za a tambaye ka. Allah ya kiyaye mu da alƙalamin da ke zubar da jini, ya kiyaye mu da shirun da ke taya shi. Amin.

Bayan mutuwar mutumin, da kasuwa ta zagayo, Malam Gwadabe ya sa aka yi shela, shi da kansa yana tsaye: duk mai tsohon littafin ya ƙone shi. Sai wata tsohuwa ta ratso mutane. Dije ce, mahaifiyar Malam Inuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ta ɗago kai.

"Allah gafarta Malam, ranar da ka sani, ɗana yana da rai?"