Gero da Gujjiya a Rumbun Magana

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Dalilin da ya sa wani yaren ke zuba kamar ruwan sama a kan kwano, wani kuma yana sauka ɗaya-ɗaya kamar taɓarya a turmi, ga shi.

A da can, magana a rumbu take, a gidan wata tsohuwa, Inna Kulu. Kowace shekara kowane gari kan aiko mutum ta auna masa mudu ɗaya. Kalmomin iri biyu ne: ƙanana kamar gero, da manya kamar gujjiya. Mutanen Tudu tun kakanninsu gero suke ɗiba, mutanen Fadama kuwa gujjiya.

Wata shekara Jatau na Tudu da Mantau na Fadama suka haɗu a hanya, suka iso tare. Ana aunawa sai Jatau ya leƙa buhun Mantau ya yi dariya.

"Wannan kuke ci? Shi ya sa kafin ku gama sallama tuwo ya huce."

Mantau ya ce, "Tawa ɗaya ta ɗauke gomarka. Ku ai sai surutu, kamar zabuwa ta ga maciji."

Gardama ta yi zafi har suka rantse: kowa zai ba da labarin tafiyarsu, wanda ya fi daɗewa, garinsu zai zubar da yarensa ya ɗauki na ɗayan. Sai da Mantau ya rantse sannan ya yi da-na-sani. In ya sha kaye, jikokinsa ba za su san yadda uwarsa ke kiransa ba.

Inna Kulu ta huda ƙoƙo, ta ɗora a kan ruwan randa, don nutsewarsa ta auna tsawon labarin kowa. Ta ce, "Jatau, fara. Kada ka tsallake komai."

Jatau ya ɓarke. Ya faɗi haɗuwarsu, da ƙetare kogi, da yadda jaki ya maƙale a taɓo suka ciro shi. Yana rufe baki, ƙoƙo ya nutse.

Aka tsamo ƙoƙo, Mantau ya fara. Ruwa ya kai rabi yana kan kalma ta biyar. Jatau ya ce, "Inna, kawo tabarma, a nan za mu yini." Amma kowace kalmar Mantau ɗauke take da kaya. Ɗaya ta ƙetarar da su kogi, biyu suka ciro jaki. Yana rufe baki, ƙoƙo ya nutse.

Jatau ya ce, "A sake!"

Aka sake har sau uku, bai canja ba.

Inna Kulu ta kakkaɓe zanenta. "Ku 'ya'yan nan, ba mudu ɗaya na auna muku ba? Kunne ma ƙofarsa ɗaya ce, abin da za ta ɗauka shi za ta ɗauka. Kun gajiyar da ni. Kowa ya je ya shuka nasa, kada wanda ya ƙara zuwa."

Ta yaɓe bakin rumbu da laka. Mantau ya rungumi buhunsa har gida.

Shi ya sa har yau in mai saurin baki da mai nauyin baki suka ɗauko labari ɗaya, tare suke sauke shi. Wanda ya yi wa yaren wani dariya, ku tambaye shi ko nasa mudun ya fi girma.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ya faɗa rumbun Inna Kulu.