Hashim da Dodon da Ke Barci

A Mai Wurno akwai wani saurayi mai suna Hashim, wanda bai iya ganin ana yaba wani ba tare da ya tsoma baki ba. In ana shan jabana, shi ya fi kowa sanin kofi. In ana zancen auduga, shi ne gwani, alhali bai taɓa cika buhu ba.

Bayan la'asar samari kan taru a rumfar Kamal su yi wasan labari. Kamal ke jan labarin, kowa na da jarumin da yake magana da bakinsa, ƙwayar lido kuma ke yanke abin da ya faru. Dokarsu ita ce jarumin da ya mutu ba ya dawowa.

Attahiru, aminin Hashim, ya shekara yana renon jaruminsa, wani maharbi. Ranar nan ce wasansa na ƙarshe, don washegari zai tafi aiki Sinnar, kuma burinsa maharbin ya ƙare labarin da ransa.

A cikin labarin, suka iso wata ƙofa da wani dodo ke tsaro. Attahiru ya jefa masa sihirin barci, ƙwaya ta ba shi sa'a, dodo ya ɓingire. Maharbi ya lallaɓa ya tsuguna gindin ƙafarsa zai zare mabuɗi. Rumfa ta ɗauki tafi, tafin nan kuwa ya soki Hashim har zuci.

Da layi ya zo kansa, abin da ake buƙata kawai shi ne ya ce ya wuce. Ina!

"Zan ƙara mishi sihirin sandarewa," in ji shi.

Kamal ya ce, "Ya zol, mutumina, ka tuna doka. Sihirin kashe jiki biyu ba su zama tare, na baya shina goge na farko. Barci na daɗewa, naka kuwa zagaye guda na."

"Don Allah Hashim, bari," in ji Attahiru.

Hashim ya taɓe baki. A ganinsa hassada ce kawai suke masa. "Ni za ku koya ma wasa? Kalas, an gama, na jefa!"

Sihirin ya kama, gogan har da bugun ƙirji. Barci ya goge. Dodo ya buɗe ido yana sandare, yana kallon maharbin da ke gabansa. Zagaye na cika jikinsa ya sake, duka ɗaya ya gama da maharbin.

Attahiru bai yi faɗa ba. Ya sa takalmansa ya fita. Da safe Hashim ya je tasha yi masa sallama, Attahiru ya gan shi sarai ta tagar mota, ya juya fuska.

Darasin da ke nan shi ne, ba kowane aiki ke buƙatar hannunka ba. Idan ɗan'uwanka ya gyara abu, ka bar shi a gyare. Mai ƙari don kawai a gan shi, ɓarna yake yi, kuma yakan rasa abin da ya fi tafi daraja.